Masu Biya Sau Biyu: Haraji, Ma'aikaci da Gwamnati a Gwarzo da Kabo

Ranar 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar harajin Najeriya ta fara aiki, bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanya mata hannu ranar 26 ga Yuni 2025. Masu kare dokar sun fi nanata magana guda: naira 800,000 na farko a cikin abin da mutum ke samu a shekara babu mai taɓa su, saboda haka talaka ya huta. Masu sukarta a Arewa kuwa, tun daga taron gwamnoni da sarakuna a Kaduna a Oktoban 2024, hankalinsu ya fi karkata ga yadda za a raba harajin VAT tsakanin jihohi. A duk cikin wannan taƙaddama an manta da mutum guda, wanda bai kai talaucin da za a yafe masa ba, bai kuma kai arzikin da zai ɗauki akanta ya lissafa masa hanyar kuɓuta ba. Shi wannan nazari ya dosa, kuma za a dube shi a ƙananan hukumomi biyu na yammacin Kano, Gwarzo da Kabo, masu raba kujera ɗaya a Majalisar Wakilai.

A ƙidayar 2006 Gwarzo na da mutane fiye da 180,000, Kabo kuma fiye da 150,000. Ƙasar noma ce: dawa da gero da masara da gyaɗa da damina, noman rani a gefen madatsu irin Guzuguzu, ga kasuwar dabbobi ta Getso, ga hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Gwarzo ta nufi Dayi a Jihar Katsina. Babu manyan masana'antu. Matsakaicin mai samu a nan shi ne malamin firamare ko sakandare da ya daɗe a aiki, da ma'aikaciyar jinya, da ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, da mai kemis, da mai shagon taki da siminti, da dillalin hatsi. Abin da ya haɗa su shi ne jama'a sun san suna da shigar kuɗi a kai a kai, don haka ƙofarsu ake fara bugawa idan ta ɓaci. Abin da ya raba su kuwa shi ne sunan wasu yana cikin takardar albashi, na wasu ba ya ciki, kuma wannan bambanci shi ke yanke wanda zai biya haraji kai tsaye.

Hujjar da nake son kafawa ita ce wannan. Kukan matsakaicin mai samu a Gwarzo da Kabo ya fi ƙarfin yawan abin da ake cira. Yana biya sau biyu, ɗaya ga hukuma, ɗaya kuma daga aljihunsa don sayen abin da hukumar ta ce za ta yi. Kuma wanda ake cirar harajin a jikinsa babu fashi shi ne wanda bakinsa ya fi kowa ɗauruwa, domin mai karɓar harajin shi ne mai biyansa albashi.

Ba a fahimtar ra'ayin mutanen nan game da haraji sai an koma baya. Tun zamanin jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa a kansu a littafinsa Kitabul Farƙ. Watau tambayar ko abin da hukuma ke karɓa halal ne ko ƙwace tsohuwar tambaya ce a wannan ƙasa, kuma da harshen addini aka saba yin ta. Duk da haka, a lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa daga magidanta, ana karɓa a kan karofi da sauran sana'o'i. Turawa da suka ci Kano a 1903 suka tattara waɗannan suka mai da su haraji guda da dokokin 1904 da 1906, suka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumominsu, aka kafa Baitulmali. Gwarzo ta zama gundumar Sarkin Dawaki Mai Tuta. Sarƙar ta miƙe daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa taskar En'e a birni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, larurar neman tsabar kuɗin haraji na cikin abin da ya tura manomi shuka gyaɗa da auduga.

Abin da dattawa ke tunawa daga wannan zamani ba lissafi ba ne. Suna tuna kaka ta yi, mai unguwa na bi gida gida yana ƙidayar baligai. Suna tuna magidanci ya sayar da damin da ya tanada don bazara a kan farashin kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don kada dogari ya zo. Suna tuna wanda ya kasa biya an tsare shi a ƙofar dagaci cikin rana, matansa da 'ya'yansa na kallo, da saurayin da ya sulale cin rani kafin a zo kansa, da Bafillacen da ke kora rabin garkensa cikin daji idan lokacin ƙidayar jangali ya zo. Takardar haraji kuma ita ce shaidar matafiyi, wanda ba shi da ita ana iya tsare shi a hanya. A kan wannan tabo jam'iyyar NEPU ta gina kiranta tun daga 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa suna bi ƙauye ƙauye suna tambayar talaka ina kuɗinsa ke tafiya. Tambayar ba ta banza ba ce, domin binciken kuɗin En'e ta Kano da wani Bature mai suna Muffett ya jagoranta shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963.

Saboda haka da Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya soke haraji da jangali jim kaɗan da hawansa a Oktoban 1979, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna, talakan Gwarzo ya ɗauke shi 'yanci, kuma yana da gaskiya. Harajin da ke ɗora kusan abu ɗaya a kan mai gona ɗaya da mai gona goma, ana kuma karɓarsa da wulaƙanci, bai cancanci a yi kewarsa ba. Ko a Ingila, harajin kai da Margaret Thatcher ta kawo ya jawo tarzomar 1990, ya taimaka wajen faɗuwarta. Sai dai akwai abin da ya tafi tare da harajin wanda ba a maye gurbinsa ba. Mai biya da hannunsa yana da bakin tambaya, kuma NEPU ta koya masa yin tambayar. Da kuɗin mai ya cika asusun tarayya a shekarun 1970, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sai kuɗi ya juya hanya. Da daga ƙauye yake hawa birni, yanzu daga sama yake gangarowa. A tsarin rabon da ake bi, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya buƙatar yardar manomin Kutama ko Garo kafin ya biya albashi, kason wata-wata yake jira. Manomin ma ya daina kallon hukuma a matsayin wadda yake bi bashi. Ya koma kallonta a matsayin mai rabo. Daga nan maganganun da ake ji kullum suka samo tushe: a kawo mana aiki, a tuna da mu, ba mu sha romon dimokuraɗiyya ba. Duk harshen roƙo ne.

Amma haraji bai ɓace ba, wuri ya sauya. Dokar 1998 da ta rarraba wa matakan gwamnati abin da kowa zai karɓa ta bar wa ƙaramar hukuma kuɗin rumfa da shago, da na tasha, da na mayanka, da rajistar aure da haihuwa, da makamantansu. Wanda ya je Getso ranar kasuwa zai ga yadda abin yake: an sauke dabba daga mota, an yi ciniki a hannun dillali, ya ɗauki la'adarsa, mai yankan rasit ya karɓi nasa, a tasha kuma ƙungiyar direbobi ta karɓi nata kafin mota ta tashi. Kowanne ƙarami ne, kuma mai biya ba kasafai yake iya bambanta wanda zai shiga asusun hukuma da wanda zai tsaya a hanya ba. Harajin albashi kuwa na jiha ne. Abin da aka cira a albashin malamin firamare a Kabo ba ya zama a Kabo, Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano yake tafiya. Doka ta tanadi a yi wa ɗan kasuwa ƙiyasi shi ma ya biya nasa, amma a garin da ciniki na baki ne da amana, babu littafin shiga da fita, ƙiyasin kan zama ciniki tsakanin jami'i da mai shago. Mai sayen buhun masara ɗari ya ɓoye har bazara yana iya cin ribar da ta fi albashin shugaban makaranta na shekara, hukuma ba ta san da zamansa ba. Ma'aikaci kamar saniyar da ke ɗaure a turke yake, ita ake tatsa domin sauran suna daji.

Wannan na cikin dalilan da suka sa kuɗin shigar Kano bai kai naira biliyan 50 ba a 2023, shekarar da Legas ta haura biliyan 800. Ƙasar ma baki ɗaya, ƙididdigar hukuma ta nuna harajin da aka tara a 2021 bai wuce kashi 10.86 cikin ɗari na arzikinta ba. Idan jami'ai suka ce 'yan Najeriya ba sa biyan haraji, wannan adadi suke nufi. Ma'aikacin da ya ji wannan magana a rediyo yana da dalilin jin ciwo, domin shi ko ganin kuɗin ba ya yi kafin a cire.

To me sabuwar doka ta yi masa? A ɗauki misalin mai albashin naira 150,000 a wata, watau 1,800,000 a shekara, a cire kashi 8 na fansho, saura 1,656,000. A tsohuwar doka ana yafe masa 200,000 da kuma kashi 20 cikin ɗari, sannan a bi ragowar da matakan kashi 7, 11, 15 da 19. Harajinsa kan kama kimanin 133,700 a shekara. A sabuwar doka an soke wancan rangwame, an yafe 800,000 na farko, a ɗora kashi 15 a kan ragowar 856,000, watau 128,400. Sauƙin da ya samu bai kai naira 500 a wata ba. Dokar ta kawo rangwamen kuɗin haya, kashi 20 na abin da mutum ke biya har zuwa 500,000, wanda zai amfani ma'aikacin Abuja ko Legas. Malamin da ke zaune a sashensa na gidan gado a Lakwaya ba shi da rasit ɗin haya da zai nuna. Ba a ƙara masa nauyi ba, gaskiya ne, kuma mai mafi ƙarancin albashi, wanda Kano ta mayar 71,000 a 2024, kusan ya fita daga sahu gaba ɗaya. Amma matsakaici yana nan inda yake, alhali darajar kuɗin hannunsa ta zube tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar.

Biya na biyu shi ne wanda babu dokar da ta rubuta shi, kuma a ganina shi ya fi nauyi. Malamin da ke koyar da aji mai ɗalibai fiye da yadda benci zai ɗauka yakan kai nasa 'ya'yan makarantar kuɗi, yana sane da abin da hakan ke nufi game da aikinsa. Ruwa daga 'yan garuwa ko kuma a haɗa kuɗi a gyara famfon tuƙa-tuƙa. Wuta kuwa janareta ko sola. Idan taransifoma ta ƙone, 'yan unguwa ke yin karo-karo, kuma an san wanda za a rubuta wa kaso mafi tsoka. Akwai kuɗin 'yan sintiri, wanda ya ƙara muhimmanci tun da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙananan hukumomin Kano na bakin iyakar Katsina irin Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025. Idan naƙuda ta yi gardama ko ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari, shi zai biya mota zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko da mara lafiyar matar ɗan'uwansa ce. A saman wannan akwai VAT na kashi 7.5 a cikin kati da data da kayan kanti, da naira 50 da ake cira idan an tura 10,000 ko fiye. Kuma abin da aka cira masa da sunan fansho ma bai zama abin dogaro ba, tunda gwamnatin Abba Kabir Yusuf da kanta ta ce ta gaji bashin giratuti da haƙƙin mamata na kusan naira biliyan 48, wanda take biya kashi kashi. Mai aiki a yau yana kallon tsohon shugabansa yana jiran haƙƙinsa shekara da shekaru, ya san abin da ke gabansa.

Wani zai zaci mutumin da ke cikin wannan hali zai tsani gwamnati ya nemi ta rage shiga harkarsa. Haka ya faru a Amurka, inda masu gidaje a Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a a 1978 suka daƙile harajin gida, aka gina siyasa guda a kan cewa gwamnati ta yi girma. A Gwarzo da Kabo ban ga alamar wannan ra'ayi ba. Ma'aikaci da manomi duk gwamnati suke so ta ƙara kusantowa: ta kawo taki da wuri, ta ɗauki malamai da likitoci, ta yashe madatsun ruwa, ta gama hanya, ta samar wa yara aiki. Gwamnonin da ake ambata da alheri su ne masu gini, Audu Bako da madatsun ruwansa, Rimi da wutar karkara da yaƙi da jahilci. Zanga-zangar Agustan 2024 ma, da ta kai ga dokar hana fita a Kano, cikin manyan kiraye-kirayenta akwai a dawo da tallafin mai. Mutanen nan sun yarda gwamnati na da babban nauyi a wuyanta. Abin da suka rasa shi ne yardar cewa kuɗin da suka ba ta zai dawo.

Cewa ba sa son bayarwa kuwa ƙazafi ne. Manomin da zai yi gardama da mai rasit a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba shi ne zai fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka babu mai tsaye a kansa. Ana gina masallacin Juma'a da Islamiyya da gudummawa, ana biyan malamanta, ana zubin adashi ba a saɓawa. Masanin nan Peter Ekeh ya yi bayani a 1975 cewa mulkin mallaka ya bar wa Afirka fage biyu na jama'a: na gida da dangi, inda mutum ke jin nauyin amana, da na hukuma, inda ake ɗauka ba a jin an ci amanar kowa. Bayanin ya dace da abin da ake gani, amma ina ganin akwai abin da ya fi al'ada sauƙin ganewa a nan. Mai ba da zakka ya san wanda ya karɓa. Mai ba da kuɗin masallaci yana ganin bulo yana hawa, kuma ana karanta lissafi bayan salla. Idan ma'ajin ya ci, a gari ɗaya suke kwana. Harajin albashi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hukumar Zakka da Hubusi da Kano ta kafa a 2003 ma, da yake hukuma ce, mutane da yawa sun fi son raba zakkarsu da hannunsu.

Nan ne matsalar bakin ma'aikaci ta fito. A ƙasashen da haraji ya tilasta wa hukuma yin bayani, masu biyan 'yan kasuwa ne da masu dukiya da ke cin gashin kansu, suna iya cewa ba za mu ƙara ba sai mun gani. Ko a birnin Kano, da aka ɗora wa 'yan adaidaita sahu naira 100 kullum, ajiye baburansu suka yi a Fabrairun 2021, gari ya tsaya, hukuma ta zauna da su. Malamin Kabo ba shi da wannan dama. Dokar aiki ta hana shi sukar gwamnati a fili, canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa yana hannun wanda zai soka, ƙarin girma ma haka. Ƙungiyoyin ma'aikata, NUT ta malamai da NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, kan yi faɗa a kan albashi da ƙarin girma da fansho, kuma dole su yi, amma ba kasafai suke tambayar inda harajin mambobinsu ya tafi ba. Ɗan kasuwar da ke da 'yancin magana kuwa ya gwammace ya yi shiru, don kada tambayarsa ta jawo a tambaye shi nasa. Sai aka wayi gari mai biya ba ya iya tambaya, mai iya tambaya ba ya biya yadda ya kamata, kuma wannan shiru ya yi wa masu riƙe da asusu daɗi.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗaka, zai iya kusanto da kuɗi inda ido zai gan shi, haka ma kashi 35 na VAT da doka ta ware musu. Amma kuɗin da ya sauka sakatariyar Gwarzo babu mai tambaya bai bambanta da wanda ya tsaya a Kano ba. Abin da nake ganin zai taɓa ra'ayin jama'a ƙananan matakai ne da ba sa buƙatar gyaran tsarin mulki. Ofishin Akanta Janar na Tarayya yana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma duk wata, sai a manna shi a ƙofar sakatariya da Hausa, da boko da ajami, tare da abin da aka kashe. Abin da aka tara a kasuwar Getso a ware wani kaso sananne a yi aiki da shi a cikin kasuwar, rumfa da ruwa da magudana, kwamitin 'yan kasuwa na sa hannu. Jiha ta bayyana jimillar harajin albashin da ta cira daga ma'aikatan kowace ƙaramar hukuma a shekara. Idan aka yi haka, hukuma za ta sami bakin zuwa wurin mai ajiye buhu ɗari ta ce ya kawo nasa, kuma malamai da ma'aikatan lafiya na Gwarzo da Kabo za su sami adadi a hannu da za su ajiye a gaban duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arsu.